Fasfon Malam Iliya: Littafin da Masana Suka Raina, Yara Suka Rungume

An haifi marubuci Cyprian Ekwensi a Minna a 1921, lokacin da garin ke tasowa a gefen layin dogo. Ba mamaki da ya zaunar da Malam Iliya a cikin taragon jirgi, tsoho mai ciwo a zuciya, yana zayyana wa saurayi Hassan rayuwarsa. Littafin, The Passport of Mallam Ilia, ya fito a 1960, ɗan siriri ne, ana gama shi tsakanin la'asar da isha.

Masana sun daɗe suna yi wa Ekwensi kallon marubucin kasuwa. Bernth Lindfors, Ba'amurke, ya rubuta a 1969 cewa finafinan kaboyi da littattafan 'yan sanda masu arha ne suka raine shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A littafin nan, Usuman, abokin gaban Iliya, mugu ne tun daga rawani har takalmi, ba a ce mana me ya mayar da shi haka ba. Zarah kuwa, wadda Iliya ya samu a fagen shanci kuma ya ƙare rayuwarsa yana neman fansar ranta, da kyar muke jin muryarta. Wannan ya dame ni ƙwarai, don a kanta aka zubar da jinin nan duka.

Amma a duba wurin shancin nan. Maza sun shiga fage, kowa ya san wani ba zai fita da ƙafarsa ba, kuma marubucin bai tsaya dogon bayani ba, ya bar ƙarfe ya yi magana. Aikinsa irin na mai zanen bayan babbar mota ne: launi mai ƙarfi, zaki da doki, abin da ido zai kama ko motar na gudu. Wannan ma gwaninta ce, ba kowane mai digiri ya iya ta ba.

Raini irin wannan shi aka yi wa littattafan soyayya na Kano da aka laƙaba musu "adabin kasuwa", alhali su suka saka matan aure da 'yan makaranta karatu. Ɗalibai da yawa a Arewa a littafin Ekwensi suka fara ganin rawani da Kano da hanyar Makka cikin Turanci, ba dusar ƙanƙarar Ingila ba. Ekwensi ya rasu a 2007, littafin kuwa har yau ana buga shi.