Keken Doki a Kan Katin Kirsimeti

Duk shekara, da Disamba ta kama, shagunan Ingila da Amurka kan cika da katunan gaisuwa masu hoto kusan iri ɗaya: keken doki na ratsa dusar ƙanƙara, wuta na ci a murhu, mata sanye da dogayen riguna irin na zamanin Sarauniya Victoria. Masu sayen katunan kuwa da mota suke zuwa kasuwa. Wasu masu sharhi na cewa ciwon zamaninmu ne, wai wayar hannu da gudun duniya ne suka sa mutane waiwaye. A ganina wannan bege ya girmi wayar nesa ba kusa ba, domin da shi aka aza harsashin Kirsimetin Turawa na yau.

A duba marubutan da suka zana hoton bikin. A 1820 Washington Irving, Ba'amurke mazaunin Ingila, ya wallafa labaran wani dattijo mai gidan gona da ke riƙe da al'adun Kirsimeti na kakanni, yana kukan sun kusa ɓacewa. Ke nan tun kafin Victoria ta hau gadon sarauta a 1837 ana ta kewar na da. Charles Dickens ya ɗora tauraron wani littafinsa, Mista Pickwick, da abokansa a keken doki zuwa bikin ƙauye, alhali jirgin ƙasa ya fara jigilar mutane tsakanin Liverpool da Manchester tun 1830, kuma kwanan keken ya kusa ƙarewa. A littafinsa A Christmas Carol na 1843, abin da ya fara narkar da zuciyar marowaci Scrooge shi ne ganin ƙuruciyarsa, har da daren da tsohon ubangidansa Fezziwig ya sa aka kau da kayan aiki, aka share wurin, yaran shago da masu aikin gida suka sha rawa. Ita kanta ƙanƙarar tsohon labari ce: Dickens, haifaffen 1812, ya tashi a shekaru masu tsananin sanyi, lokacin da kogin Thames ya daskare har aka ci kasuwa a kansa a 1814, kuma ba a sake ba. Kowane zamanin da ake kira mai sauƙi, idan ka leƙa cikinsa, sai ka tarar da mutanensa su ma suna leƙen wanda ya gabace su.

Za a ce ai 'yan kasuwa ne ke kaɗa wannan ganga. Akwai gaskiya a ciki, tunda tallan Coca-Cola da Haddon Sundblom ya fara zanawa a 1931 ya taimaka wajen kafa siffar Santa Claus a idon duniya. Sai dai ɗan kasuwa ba ya kasa hajar da ba mai nema. Waƙar White Christmas da Bing Crosby ya rera ta samu karɓuwa a 1942, lokacin da yaƙi ya raba sojojin Amurka da iyalansu, kuma gida suke ji a cikinta. Abin da ake bege shi ne a ajiye aiki, dangi su taru, mai hali ya buɗe ƙofarsa. Tsofaffin tufafi da kyandir sutura ce kawai da aka yi wa wannan buƙata, kuma buƙatar tana nuna abin da rayuwar masana'antu ta ƙwace.

Sukar da ta fi min nauyi ita ce, hoton yana rufe wahalar mutanen wancan lokaci. Ingilar Victoria ce ta tura yara ramukan kwal, Dickens ma yana ɗan shekara 12 ya yi aikin manna takarda a jikin kwalaben man takalmi. Amma laifin na masu kwaikwayo ne, waɗanda suka zo daga baya. Katin farko da Henry Cole ya sa John Callcott Horsley ya zana a 1843, wanda aka sayar sule ɗaya, kashi uku ne: a tsakiya iyali na shagali, a gefe ɗaya ana ciyar da mayunwata, a ɗaya gefen ana tufatar da matalauta. Yawancin katunan yau sun riƙe tsakiyar sun yar da gefen biyu, kuma a nan ne nake ganin al'adar ta yi asara, domin masu katin farko, duk da zaluncin zamaninsu, ba su yarda su zana teburin biki ba tare da mai jiran sadaka a bakin ƙofa ba.