Dokin da ya iya lissafi, da mutumin da ya gano yadda yake yi

A shekarar 1904 labarin wani ingarma mai suna Hans ya karaɗe birnin Berlin na ƙasar Jamus. Mai shi, Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi ne, ya kuma shafe shekaru yana koya masa darasi a tsakar gida. In aka ce uku a tara da huɗu, sai dokin ya buga kofato a ƙasa sau bakwai, ya tsaya, a ba shi karas. Dattijon ba ya karɓar ko anini daga 'yan kallo. A watan Satumba na shekarar wani kwamiti na mutum 13, ƙarƙashin Farfesa Carl Stumpf, ya bincika, a cikinsu har da likitan dabbobi da shugaban gidan namun daji da gwanin horar da dabbobin wasa. Suka ce ba su ga wani maguɗi ba.

Sai aiki ya faɗa hannun almajirin Stumpf, Oskar Pfungst. Abin da ya yi shi ne har yau nake ganin babu darasin da ya fi shi ga mai son binciken halayyar ɗan Adam.

Kowa na tambayar ko von Osten maƙaryaci ne. Pfungst ya ajiye wannan tambaya gefe, ya nemi sanin a wane hali dokin ke dacewa, a wane hali kuma yake kuskure. Ya riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, sauran su zauna yadda suke. Da farko ya fitar da mai dokin, wasu suka yi tambaya. Hans ya ci gaba da ba da amsa daidai, wato dai ba wata alamar sirri tsakaninsa da ubangidansa. Daga nan ya kawo dabarar da ta fi ba ni sha'awa: von Osten ya raɗa wa dokin lamba ɗaya a kunne, Pfungst ya raɗa masa wata, ba wanda ya ji ta ɗan'uwansa, sannan a ce ya haɗa su. Yanzu duk tsakar gidan babu mai sanin amsar. Nan take gwanintar ta watse, dokin ya yi ta buga ƙasa ba ya sanin inda zai tsaya. Da aka ɗaura masa marufin ido na fata, ya ci tambaya 2 kacal cikin 35 a lokutan da ba ya ganin mai tambaya, alhali ya ci 50 cikin 56 sa'ad da yake ganinsa.

Ashe amsar a jikin mai tambaya take. Pfungst ya daina kallon kofato, ya koma kallon mutane. Ya lura cewa duk wanda ya yi tambaya yakan ɗan sunkuya yana duban ƙafar dokin, jikinsa a ɗaure yana ƙirga a zuci. Da bugu ya kai adadin da yake jira sai kansa ya ɗan ɗaga, motsin da wani lokaci bai kai milimita ɗaya ba. Wannan Hans ke jira. Labarin zuciya a tambayi fuska, dokin kuwa ya iya wannan tambayar fiye da malaman da suka kewaye shi.

Da wani ne, nan zai tsaya ya rubuta rahoto. Pfungst ya ce sai ya tabbatar. Ya shiga ɗakin gwaji ya zama shi ne dokin: mutum ya riƙe lamba a ransa, shi kuma ya riƙa buga hannu yana kallon fuskarsa, ya tsaya inda ya ga motsin. Mafi yawan waɗanda ya gwada sun ba shi amsa ba su sani ba. Shi kansa, bayan ya gane sirrin sarai, in ya tsaya gaban Hans yakan kasa hana kansa yin alamar. Wannan ya wanke von Osten daga zargin yaudara, kuma littafin da Pfungst ya fitar a 1907 bai ɗora masa laifin da bai yi ba. Adalci ne da ya cancanci yabo, ko da yake dattijon bai taɓa yarda da sakamakon ba har ya rasu a 1909.

Abin ya wuce doki. A 1963 Robert Rosenthal da Kermit Fode suka wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka. An raba wa ɗalibai ɓeraye iri ɗaya don su koya musu bin hanya, aka ce wa wasu nasu masu kaifin basira ne, wasu kuma aka ce nasu daƙiƙai ne. Ɓerayen da aka yaba suka fi saurin koyon hanya, don kawai masu kula da su sun sa rai. Shi ya sa a bincike mai inganci ake ɓoye wa wanda ake gwadawa rukunin da yake ciki, a ɓoye wa mai auna shi ma, kuma a bar ƙuri'a ta raba mutane, ba son ran mai bincike ba.

Sai dai ɓoyewa na da nata nauyi, domin ɗaliban Rosenthal ba gaskiya aka gaya musu ba. Ƙa'idar da masana halayyar ɗan Adam ke bi yanzu ta yi tsauri a nan, kuma daidai ne. Ba a ɓoye manufar gwaji sai in babu wata hanyar, ba a ɓoye abin da zai cutar, sai kwamitin ɗa'a ya amince tukuna. Mutum yana shiga da yardarsa, yana iya fita duk sa'ad da ya so. In an gama, mai binciken ya zaunar da shi ya warware masa abin da aka ɓoye da dalilin ɓoyewar, ya kuma ba shi damar janye bayanansa in bai gamsu ba.