Jinjina ga Masu Tantance Tangaran ɗin Sin

Masanin tangaran ɗin ƙasar Sin ya cancanci jinjina, domin idonsa ke raba kayan tarihi da jabu. Kifa kwano yake fara yi, ya shafa gindin da ba a yi wa ƙyalli ba, ya duba yumɓun. Hatimin sarki ba ya ruɗinsa: maginan garin Jingdezhen na zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, sun sha rubuta sunan Sarki Chenghua na ƙarni na 15 don girmamawa.

Gwanintar masanin ta fi burge ni a kan shuɗin zane. Na farkon daular Ming, wanda aka shigo da ma'adininsa daga Farisa, yakan bar ɗige-ɗige baƙi-baƙi inda ya taru. Mai kwaikwayo da buroshi yake ɗiga nasa, masanin kuwa nan take yake ganewa.