Ba Kowace Amsa Ake Adanawa Ba

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, matasan da ke koyon rubuta manhaja suka yawaita a yankinmu, har da 'yan Kurfi da ke zirga-zirga a hanyar. Abin farin ciki ne. Sai dai akwai wata ɗabi'a da nake gani tana yaɗuwa a tsakaninsu: da zarar manhaja ta yi nawa, sai a liƙa mata lru_cache na Python, a ce an yi maganinta.

Dabarar kanta ba ta da laifi, ina ma sonta ƙwarai. Donald Michie na Jami'ar Edinburgh ne ya raɗa mata suna memoization a 1968. Fankshin ya yi lissafi sau ɗaya, ya ajiye amsa, in an sake kawo masa tambayar sai ya miƙo ta kai tsaye, kamar yaron da ya haddace jadawalin sau. Lambar Fibonacci ta 40, in aka bi ta hanyar da fankshin ke ta kiran kansa, sai an yi kira sama da miliyan 300. Da ajiya, lissafi 41 ya wadatar. Ga mai tsohuwar kwamfuta da batirinta ba ya riƙe caji, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Amma bakwai sau takwas ba ta canzawa, farashin buhun gero kuwa yana canzawa. Wanda ya rubuta wa ɗan kasuwa manhaja, ya adana amsar fankshin da ke duba farashi, zai sa shi sayar da kayan yau a kuɗin makon jiya. Haka makin ɗalibi: malami ya gyara sakamako, manhaja ta ci gaba da nuna tsohon. Ba za ta tsaya ba, ba za ta yi gargaɗi ba, kuma a nan hatsarin yake, domin mutumin da ya amince da ita ne zai kwana a ciki.

Ga kuma matsalar ƙwaƙwalwar na'ura. lru_cache yana riƙe amsa 128 in ba a canza masa ba, amma cache da ya zo a Python 3.9 ba shi da iyaka, yana iya cika na'ura.

Roƙona ga masu koyarwa: kafin ɗalibi ya adana kowace amsa, a sa shi ya faɗi abin da zai iya sauya ta, ya kuma nuna layin da zai kira cache_clear ya share ajiyar idan ta sauya.