Ɗaga Mota Ba Ya Ƙara Mata Ƙarfi

Duk wanda ke bin hanyar Kwoi, Kachia ko Zonkwa a lokacin haƙar citta ya san motocin da nake nufi: a-kori-kura da Hilux da aka ɗaga bayansu, har in babu kaya sai ka ga goshinsu na duban ƙasa. Abin ya zama yayi a garejojin Kafanchan. Da an sayo mota sai a wuce da ita wurin mai sifirin, ya ƙara falle biyu ko uku, ya sa doguwar shakal, wani ma ya cusa guntun ƙarfe tsakanin aksul da sifirin.

Ban ga laifin direba a kan dalilinsa ba. Damina tana cinye hanyoyin ƙauyukanmu, mai citta kuma so yake a kwashe masa buhunansa a sahu ɗaya. Tun zamanin Fijo 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya riƙa haɗawa, ake wannan dabara. Abin da ke damuna shi ne aikin ido ake yi, babu awo.

Sifirin ba nauyi kaɗai yake ɗauka ba, shi ne ke riƙe aksul a mazauninsa. Kansa na gaba a kafe yake, na baya kuma yana rataye da shakal, domin idan lodi ya danne shi ya miƙe, tsawonsa yana ƙaruwa, shakal ta ba shi hanya. To, idan aka daddoke shi da guduma ya lanƙwashe fiye da kima, sai ya gajarce ya janyo shakal gaba. Motar ta koma tsalle a kan gargada, wata rana kuma a faɗa rami shakal ta kife. In da wuta aka lanƙwasa shi, ƙarfen ya riga ya mutu, kwantawa zai sake yi ko ya karye. Ita kuwa doguwar shakal ribarta kaɗan ce: ka ƙara santimita 10, motar ta tashi kusan 5 kacal, tunda aksul a tsakiyar sifirin yake. Amma ta murɗa aksul, bakinsa ya daina daidaita da farfela. Daga nan ne kakkarwar nan ke fitowa, wadda direba zai yi ta sauya kuros a kanta bai san tushenta ba. Kuma ƙoƙon aksul, wanda shi ke fara dukan dutse, yana nan inda yake. Babbar taya ce kawai ke ɗaga shi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne birki. Tsofaffin Hilux da yawa suna da wani bawul a baya, haɗe da aksul ta siririn ƙarfe, mai auna yadda mota ta sauka da nauyi ya ƙara wa tayoyin baya birki. Idan aka ɗaga motar ba a gyara shi ba, ko an cika ta maƙil shi a ganinsa fanko ce. Ka kwatanta wannan mota tana gangarowa a kwana, buhuna sun wuce rufi, fasinjoji zaune a kansu, nauyin duk ya koma sama.

A da, idan sifirin ya kwanta, yaron mota kansa ya san lodi ya isa. Shi ne ma'aunin da muke da shi a tasha, ƙarin falle kuwa ya kawar da shi. Motar na tsaye ƙyam, alhali boris, taya da birki duk na ainihi ne, ba a ƙara musu komai ba.

Ban ce a daina ba. Makanikanmu suna da hannu, na ga sun tayar da motocin da wasu ƙasashe suka yar. Roƙona a tsaya a santimita 5 ko kusa da haka, a yi da falle mai kyau maimakon shakal da guntun ƙarfe. A auna tsayin mota hagu da dama kafin aiki da bayansa. A sa sabon yu-bol, a duba ko shokozoba da tiyon birki sun kai idan taya ta rataya, a daidaita bawul ɗin nan. Bayan 'yan sahu da lodi kuma a dawo gareji a sake ɗaure yu-bol, domin sabbin falle suna zama, notin ya saki.