Lissafin da Ya Kawo Tashar Kumbo Kano, Shi Ya Ɗauke Ta

A ranar 20 ga Fabrairun 1962, kumbon John Glenn ya ratsa samaniyar Kano. Daga can sama ya shaida wa ma'aikatan tashar da hukumar NASA ta kafa a nan cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka tabbatar masa iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Hunturu ne. Tashar Kano ɗaya ce cikin 18 da aka jera a faɗin duniya domin shirin Mercury, kuma ba alfarma aka yi mana ba. Injiniyoyi sun zana hanyar kumbon a taswira, suka ƙidaya 'yan mintunan da kowace tasha za ta ji muryarsa kafin ya ɓuya, sai giɓi ya bayyana tsakanin tsibiran Kanari da Zanzibar, Kano ta cike shi. Da tafiye-tafiyen suka sauya salo, lissafin ya sauya, kafin shekarun 1960 su ƙare an rufe tashar. Abin da nake son mu lura da shi ke nan: makomar eriya a cikin lissafi ake yanke ta, tun kafin a haƙa harsashi, kuma ƙasar da ba ta da hannu a lissafin, sai dai a ara mata fili a karɓe.

Yau manhajar kwaikwayo ce ke wannan aiki. Rukunin eriyoyin da NASA ke magana da kumbuna masu nisa da shi yana wurare uku: Goldstone a Kalifoniya, kusa da Madrid a Sifaniya, da kusa da Kanbera a Ostireliya. An raba su da kimanin digiri 120, ta yadda in duniya ta juya kumbo ya faɗi ga wata tasha, zai fito wa ta gaba. Ana zuba wa manhajar hanyar kowane kumbo, da ƙarfin na'urar aikensa, da faɗin kowane faifan eriya, mita 34 ne ko 70, da ranakun gyara, da yanayin sama, sai ta buga shekaru goma ko ashirin masu zuwa cikin ɗan lokaci, ta nuna inda za a yi cunkoso. Kamar tela ne da ke fara yanka a takarda kafin ya sa almakashi a shadda, domin faifai ɗaya kan ci miliyoyin daloli da shekaru ana gini. Kuma cunkoson na gaske ne. Kanbera kaɗai ke iya aika umarni ga kumbon Voyager 2, saboda ya yi kudu sosai, don haka da aka tsayar da babban faifanta domin gyara a 2020, kumbon ya shafe watanni ba a ce masa uffan ba. A ƙarshen 2022 kuma tafiyar Artemis ta farko zuwa wata ta cinye sa'o'in da madubin James Webb da wasu kumbuna suke jira.

Amma manhaja ba alƙali ba ce. Tambayar da aka yi mata take amsawa, da bayanan da aka ba ta. Tashar Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu ta yi wa NASA aiki tun 1961, aka janye daga cikinta a tsakiyar shekarun 1970, kuma ƙyamar mulkin wariyar launin fata na cikin dalilan. Wannan ba abin da ake zubawa a kwamfuta ba ne. Haka batun yanayi: ruwan sama da laima suna raunana saƙon da ke tafiya a manyan mitoci, shi ya sa wuri mai dogon rani yake da daraja. Kano tana da watanni masu yawa ba ɗigon ruwa, tana kuma da ƙurar hunturu. In ba wanda ya auna waɗannan a nan shekara da shekaru, da ƙiyasi za a cike gurbinmu, kuma mai zuba dukiya ba ya gini a kan ƙiyasi.

Za a ce Kano ba ta da abin da za ta ƙara, tunda kusan sama ɗaya muke kallo da Madrid a lokaci ɗaya. Gaskiya ne, kuma ban ce a kafa faifan mita 70 a Goron Dutse ba. Hayaniyar wayoyi da gidajen rediyo na cikin birni ma ta isa ta kashe zancen. Sai dai matsalar yanzu ta ƙarancin sa'o'i ce, musamman da tafiye-tafiyen wata suka dawo, kuma saboda haka ne aka aza tubalin sabuwar tasha a Matjiesfontein ta Afirka ta Kudu a 2022. Ghana ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai mita 32 na Kuntunse na'urar nazarin taurari a 2017. Nijeriya tana da hukumar sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, ta kuma sa hannu a yarjejeniyar Artemis a Disamban 2022. Da me za ta zauna a teburin?

Za a kuma ce garin da ke fama da wuta da ruwan famfo ba shi da lokacin wannan. Wannan ƙorafi ya fi wancan nauyi, amma ya fi dacewa da gina faifai, ba da koyon lissafinsa ba. Kwaikwayon hanyar kumbo da ƙarfin saƙo abu ne da ɗalibin injiniya ko na kimiyyar lissafi zai yi da kwamfutar cinya, ko a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero da ke nan Gwale, kuma NASA da kanta ta saki wasu manhajojin kyauta, irin su GMAT. Ilimin nan shi ne dai na tsara turakun waya da auna saƙon tauraron NigComSat. Na'urar auna ruwan sama da ƙura, da malamin da zai riƙe rajistarta shekara goma, ba su fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a ba.