Sannunku da Aiki, Malaman Jinya

Idan ciwo ya ci ƙarfin mutum a Gololo ta ƙaramar hukumar Gamawa, akan garzaya da shi asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare. A can ake sanin darajar malaman jinya. Su ke juya mai shanyewar ɓarin jiki duk bayan awa 2, don kada kwanciya ta fasa masa baya. Su duba ƙarin ruwa da tsakar dare, su tantance suna kafin allura, su wanke hannu tsakanin gado da gado. Masu gashin ƙashi kuwa su yi ta lallaɓa ƙafa har ta sake taka ƙasa. Ba don su ba, da maganin likita bai kai ko'ina ba.